Daga Dungas zuwa Kano, neman keken ƙanena

Ranar Alhamis na bar Dungas, na bi motar masu kai awaki kasuwar Maigatari. Daga nan Gumel, daga Gumel sai Kano. Hanya dai hanya ce. Abin da ya fito da ni keken guragu ne, mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu, na ƙanena da shan-inna ta kama tun yana goye. Na Magarya da muka samu ya yi masa nauyi, aka ce mini maƙeran Kano sun fi iya shi.

Daren farko na kwana a wani masauki kusa da tasha. Tabarmar ta ci ta tsufa, kuɗin-cizo ya hana ni runtsawa, randa kuwa ko ɗigo babu. Har ruwan alwala sai da na saya! A Dungas, ko baƙon da ba a san asalinsa ba, ba a sayar masa da ruwa.

Da safe na sami mai waldar da aka kwatanta mini. Shi ma gurgu ne, kafaɗunsa kamar na ɗan kokowa. Da ya ji inda na kwana sai ya riƙe baki. "Haba mutumin Damagaram, ina raye ka kwana can? Ɗauko jakarka." Kwana uku na yi a zaurensa. Tuwon shinkafarsu ba laifi, amma furarsu ba ta kama ƙafar tamu ba, gero ya yi mata kaɗan.

Ran Asabar da la'asar ya ce, "Malam, taso ka ga abin da ba ka taɓa gani ba." Ya kai ni wani fili mai daɓen siminti. Samari ne guragu, kowa zaune kan ɗan katako mai tayoyi, sun zura silifa a tafin hannu, da shi suke tura kansu, da hannu suke buga ƙwallo. Gudunsu ya ba ni tsoro. Wani yaro ya kife a gabana, gwiwar hannunsa ta goge har jini, na zabura zan ɗaga shi, ya harare ni, ya juya katakonsa ya bi ƙwallo. Mai masaukina ya ce Misbahu Lawan Didi ne ya ƙirƙiro wasan a 1988, kuma yanzu jihohi har gasa suke yi.

Da dare ya nuna mini wani wasan a wayarsa: zari-ruga a kan keke. A Kanada aka fara shi a 1977. Mutum huɗu-huɗu ne a fili, kekunan an yi musu garkuwar ƙarfe, suna karo kamar raguna, ƙarar har ta cika zauren. Shi abin da ya ɗauke masa hankali waldar kekunan ce, sai tsayar da hoton yake yana leƙen yadda aka karkatar da tayoyin. Ni kuwa wanda ya ɗauke mini hankali wani ɗan wasan Ostareliya ne, Ryley Batt. An haife shi babu ƙafafu a 1989, ya ƙi hawa keke har ya kai shekara 12, a kan katako mai tayoyi yake yawo, irin na yaran da na gani ɗazu. Yana da shekara 15 ya buga gasar nakasassu ta duniya a Girka a 2004, ya ci zinare a Landan a 2012, ya sake ci a Riyo a 2016.

Abin ya tsaya mini a rai. Mu da muke cika fili don kokowar takobi, muke yi wa mai ƙarfin damtse kirari, mun bar ƙanena a ƙofar gida shekara da shekaru, mai wucewa na jefa masa sadakar da bai roƙa ba. Alhali na sha ganin ya ɗaga buhun riɗi da hannu ɗaya ya gyara masa zama.

Da zan taho na roƙi mai masaukina ya haɗa mini da katako ɗaya. Ya ƙi karɓar kuɗinsa. Aka ɗaure keke a saman mota, katakon kuwa a cinyata na riƙe shi har Maigatari.