Daga Fadamar Aliero Zuwa Tsibirin Bioko

Mu mutanen Aliero tafiya ba baƙuwarmu ba ce. Albasa ta kai mu Legas da Anacha da Fatakwal, ta kai wasunmu har Kwatano da Akara. Sai dai tafiya ce ta neman na kai: a sauke kaya, a ƙirga kuɗi, a juyo, ba abin da mutum zai iya faɗa game da garin da ya je in ban da kasuwa da masallaci. Tafiyata tsibirin Bioko na ƙasar Ikwatoriyal Gini ta zumunci ce. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe yana sana'ar nama a Malabo, shi ne zai aurar da 'yarsa, aka ce in wakilci gida. Tun kafin in tashi na ƙudurce cewa in Allah Ya kai ni, ba zan tsaya iya gidan biki ba.

Tsakiyar hunturu ce. Na bi motar albasar wani abokina mai zuwa Legas. Da muka hau gadar Jega, Gulbin Zamfara ya riga ya ja da baya, rairayi ya fito, masu noman rani sun jera injinan ban ruwa a gefe suna ta fama. Maiyama kuwa an gama kawar da amfani, sai kara a tsaye da shanu suna kiwo cikin ƙura. Daga nan Koko, Yawuri, Kwantagora, har kudu. A Legas na shiga jirgin sama, kuma kafin in gama natsuwa a kujera aka ce mu ɗaura ɗamara za mu sauka.

Abin da ya fara cika mini ido dutse ne. Ya taso daga cikin teku, kore shar tun daga gindi har inda gajimare ya rufe shi. Sunansa Pico Basile, tsayinsa mita 3,011, kuma dutse ne mai aman wuta wanda rabonsa da yi tun 1923. Tsibirin gaba ɗaya, mai faɗin murabba'in kilomita dubu biyu da 'yan kai, irin waɗannan duwatsu uku ne suka gina shi: wannan na arewa, da Biao, da babban ramin Luba a kudu. Ko tashar jiragen ruwan Malabo bakin wani tsohon ramin wuta ne da teku ta shiga ta cike. Daga gaɓar Kamaru zuwa nan bai fi kilomita talatin da 'yan kai ba, shi ya sa ranar da sama ta washe ake hango Dutsen Kamaru a tsallake. Ƙurar hunturunmu takan ƙetaro har nan ta dusashe shi.

An yi biki lafiya. A nan na ga yawan masu jin Hausa a garin: na Najeriya, na Nijar, na arewacin Kamaru, wasu ma a can aka haifi iyayensu. Masu tsire, masu tireda, masu ɗinki, masu canjin sefa. Harshen hukuma Sifaniyanci ne, amma a titi akwai wani Turancin buroka da suke kira Pichi, wanda duk wanda ya zauna kasuwar Mile 12 ta Legas zai tsinci rabinsa. Wannan kusanci yana da tarihi. Bature ɗan Fotugal, Fernando Po, ya iso wajen 1472, tsibirin ya daɗe yana amsa sunansa. Sifen ta karɓe shi a 1778, Ingilishi suka kafa garin Malabo a 1827 don tare jiragen masu cinikin bayi. Daga baya gonakin koko suka bunƙasa, kuma ƙarfin 'yan Najeriya ne ya riƙe su: bayan yarjejeniyar ƙwadago ta 1942, dubun dubatar lebura, galibi Ibo da Ibibiyo da Efik, suka riƙa ƙetarowa daga Kalaba zuwa wurin da suke kira Panya. Ƙasar ta sami 'yanci a 1968, mulkin Macias Nguema ya yi tsanani, har gwamnatin Janar Murtala ta kwaso mutanenta a 1975 zuwa 1976. Koko bai sake komawa yadda yake ba tun daga lokacin.

Da baƙi suka watse na ce wa Kawu ina son in ga kudancin tsibirin. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗana, mi za ka gani cikin daji? Mu nema munka zo nan."

Na ce, "Kawu, ku dai ku daure ku raka ni. Ku kun san harshensu."

Ashe duk zamansa bai taɓa wuce garin Luba ba, nan ɗin ma sayen kifi ya kai shi. Ya nemo mana direba ɗan ƙabilar Bubi, waɗanda su ne asalin mutanen tsibirin, aka kuma yanko mana takardar izinin yawon buɗe ido. Wannan takarda wajibi ce, don akwai shingayen jami'an tsaro a hanya, kuma ba ko'ina ake ɗaga waya a ɗauki hoto ba.

Hanyar Luba, kimanin kilomita 50, kwalta ce sumul. Arzikin man fetur da aka fara haƙowa a shekarun 1990 ya zuba a tituna. Mun ratsa Sampaka, inda har yanzu ake noman koko ana shanya shi, sa'an nan tsofaffin gonaki da daji ya haɗiye, manyan itatuwan rimi sun yi musu rumfa. Rimin nan da muka sani shi ne a jikin tutar ƙasar. Kafin Luba muka ratse zuwa Arena Blanca, bakin teku mai farin rairayi, abin da ake yi wa kallon mamaki a tsibirin da yawancin gaɓarsa baƙin yashi ne da baƙin dutse. Wurin yana da kyau, malam-buɗe-littafi na ta shawagi a bakin kurmi, amma ban daɗe ba. Wanda ya ga teku a Legas ya ga irinsa.

Moka ce ta kama ni. Daga Luba mota ta ɗauki hawa, tana lanƙwasa, kunnuwana suka toshe, zafin nan mai ɗanko na bakin teku ya sake mu. Sama da mita 1,300 muka tarar da wata duniya dabam: kurmi ya ƙare, sai tudu bayan tudu na ciyawa, hazo yana tafe ƙasa-ƙasa yana shafar mutum a fuska. Da na zuba ruwa zan yi alwalar azahar sai da yatsuna suka ƙage. A nan ne fadar Sarki Moka take, wanda ya haɗa kan Bubi a ƙarni na 19, garin kuma sunansa ya ci.

Ni manomi ne, don haka idona ƙasa ya tafi. Na tsuguna a bakin wata gona na dumbuzo ta. Baƙa ƙirin, mai laushi, da danshi a cikinta a tsakiyar rani, in ka matse ta ta dunƙule, in ka sake ta ta warware. Tokar dutse ce da ta shekara dubbai tana ruɓewa. Matar da ke gonar, dattijuwa, ta nuna mana kabejinta da tumatir da karas da dankali da gwaza, direba yana fassarawa. Na tambaye ta taki, ta ce ba ta saye. Na tambaye ta ban ruwa, ta nuna sama. Na tuna yadda muke kwana a fadama muna gadin inji, da kuɗin fetur, da buhun taki da ke neman gagarar talaka, da rijiyar burtsatse da ke ƙafewa ana saura 'yan makonni a cire albasa. Duk da haka mu ne ke loda tirela, su kuwa yawancin abin da ake ci a Malabo jirgin ruwa ke kawo shi. Albasar da na gani a kasuwarsu, masu sayarwa sun ce mini daga Kamaru take, wata daga Turai. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Matasan garin sun gangara birni neman aikin kamfani da na gwamnati, an bar tsofaffi da fartanya. Ban ga laifin yaran ba, kowa inda ya ga haske yake nufa, amma ƙasa irin wannan ba ta cancanci a bar ta ga ciyawa ba.

Washegari da sassafe wani saurayi ɗan garin ya ja mu zuwa Tafkin Biao. Tafiyar ƙafa ce mai hawa, ga santsi, Kawu yana tsayawa yana mai da numfashi. Da muka kai baki sai ƙasa ta yanke a gabanmu. Can ƙasa ga ruwa a kwance cikin ramin da wuta ta taɓa fitowa, zagaye da kurmi, ba kwalekwale, ba mai wanki, ba motsin kowa. Bubi suna girmama wurin tun kaka da kakanni, saurayin ma ya rage murya da muka iso. Kawu ya cire hula ya share gumi ya ce, "Subhanallahi. Ashe haka Allah Yay yi wurin ga, ni ina nan ban sani ba."

Wanda ya san Tafkin Tila na kusa da Biu a Jihar Borno ya san ɗan'uwan wannan. Masana ƙasa sun ce layi guda ne na duwatsun wuta: ya faro daga tsibiran Annobon da Sao Tome da Principe, ya bi ta Bioko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, reshensa ya miƙe har tsaunukan Biu. A kusa da Moka akwai kuma Iladyi, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse zuwa cikin wani kwazazzabo mai zurfi. Mun ji rugugin tun daga nesa, hazo ya buɗe mana shi na ɗan lokaci ya sake rufewa.

Ureka ce ƙarshen hanya, a can gaɓar kudu, cikin gandun da gwamnati ta keɓe a shekarar 2000. Da can sai da ƙafa ko jirgin ruwa ake zuwa. Yanzu akwai kwalta mai gangara wadda sai direba ya san birkinsa. Ƙauye ne ƙarami, amma yana cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwan sama a Afirka: sama da milimita 10,000 a shekara. Mu a Jega da kewaye ba mu cika kaiwa 1,000 ba ko a damina mai albarka. Wato abin da muke roƙo a shekara goma su a shekara guda yake sauko musu. Ko a wannan lokaci da suke kira rani an yi mana yayyafi. Ƙoramu suna fitowa daga kurmi su faɗo kan baƙin yashi, ruwan daɗi mai sanyi, taku kaɗan daga ruwan gishiri.

Kunkurun teku ne ya kawo mu. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iri huɗu suke fitowa wannan gaɓa su yi ƙwai. Akwai wani shiri na kare halittun tsibirin, haɗin gwiwar jami'ar ƙasar da wata jami'ar Amurka, wanda ke ɗaukar mutanen yankin aikin sintiri da ƙidaya. Ɗaya daga cikinsu ya fita da mu bayan isha'i. Ya hana mu kunna tocila, sai wata 'yar jar fitila a hannunsa, don farin haske yana firgita su su koma ruwa da ƙwansu. Mun daɗe muna tafiya cikin duhu, igiyar ruwa na dukan ƙafafunmu, kafin ya ɗaga hannu.

Macen kunkuru ce, irin mafi girma, wadda bayanta ba ƙoƙo ba ne, fata ce mai kauri da layuka a tsaye. Tsawonta ya kai ƙyauren ɗaki. Ta jawo jiki da ƙyar, tana nishi, ta share wuri da hannuwan gaba, sa'an nan ta shiga haƙa da ƙafafun baya, ɗaya bayan ɗaya, tana ɗebo yashi a hankali tana ajiyewa gefe, ba tare da ta waiwaya ta ga ramin ba. Ta zuba ƙwai farare masu yawa, ta rufe, ta daddale, ta watsa yashi ko'ina don ɓatar da sawu, ta juya ta nufi ruwa. Ba za ta dawo ta duba su ba. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan za su fasa su fito da kansu, kuma kaɗan ne ƙwarai cikinsu ke kaiwa girma. Ma'aikacin ya auna ta ya rubuta a littafi. Ya ce mahaifinsa da kama su yake yi yana sayar da nama; shi kuma albashinsa ya dogara ga su rayu. Na yaba da wannan tsari, don an nemi mai farautar an ba shi abin yi, ba a tsaya ga kafa doka kawai ba.

Doka ita kaɗai ba ta isa ba, na gani da idona. Tsibirin yana da birai iri bakwai, har da wani babba mai baƙar fuska da ya kusa ƙarewa a duniya, kuma tun 2007 aka haramta farautarsu. Amma a hanyarmu ta dawowa mun wuce masu ɗaga naman daji a bakin titi, a birni ma ana cinikinsa. Kwaltar da ta sauƙaƙa mini zuwa Ureka ita ce ta sauƙaƙa wa mai bindiga.

Pico Basile muka hau a ƙarshe, da mota, har kusa da ƙololuwa inda turakun sadarwa suke. Sanyi ya fi na Moka, gajimare yana ƙarƙashinmu, Malabo ta zama 'yar mitsitsiya a bakin ruwa. Yana da kyau a je, amma in lokaci ya ƙure wa mutum, ya bar shi ya tafi kudu.

'Yan'uwana da ke zaune a Malabo, da masu zuwa kai kaya ko biki: ku ware ko kwana biyu ne. Ku zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ku yanki takardar izini tun a birni, ku riƙe fasfo a jiki, ku tafi da rigar sanyi da takalmin da ba ya santsi, ku ɗauki guzurin abin da kuka yarda da yankansa ko ku tsaya ga kifi. Ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora ku biya shi haƙƙinsa da kyau, kuma kada ku sayi ƙwan kunkuru ko naman biri ko da an yi muku tayi da araha.