Yabon Kai da Neman Aikin Zayyana

Sanin kowa ne Sakkwato ta daɗe da shahara wajen aikin fata. Fatar jan akuyar wannan ƙasa ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, domin ta can take isa gare su. Har yau in mutum ya shiga shiyar Madunka zai tarar da dukawa suna ɗinkin gafaka da zabira da timtim. To, a wannan sana'a ba a san wata ganawar ɗaukar ma'aikaci ba. Yaro yakan zauna gaban maigida shekara da shekaru, a miƙa masa basilla da guntun fata, a zuba ido. Ɗinkinsa ke magana, shi kuwa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Daga irin wannan gida wani saurayi ya fito. Bayan ya gama Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sai ya shiga shirin 3MTT, wanda Gwamnatin Tarayya ta buɗe a 2023 don koya wa matasa sana'o'in kwamfuta. Nan ya koyi zayyanar manhaja da Figma, watau tsara inda kowane maɓalli da rubutu zai zauna a fuskar waya, yadda mai tallar fura za ta karɓi kuɗinta ba tare da ta ruɗe ba. Da hannunsa ya faɗa, ya nemi aiki a wani kamfani na Legas.

Ganawar irin wannan aiki hawa-hawa ce. Da fari a aika takardar tarihin karatu tare da kundin ayyukan da mutum ya taɓa yi. In an ga alamar haske, a kira shi a waya. Sa'an nan a ba shi aikin gida na 'yan kwanaki, wanda galibi ba a biya, abin da mai hankali zai ce akwai gyara a cikinsa, domin gumi gumi ne ko da sunansa gwaji. Duk waɗannan ya haye su, ko da yake rabin aikin gidan da hasken tocila ya yi shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne zama na ƙarshe, wanda aka yi ta bidiyo. Mutum uku suka ce ya buɗe kundinsa ya yi bayani. Yaron da aka rena bisa cewa yabon kai jahilci ne, wanda ko haɗa ido da babba ba ya yi, yau an ce ya dubi baƙi ya faɗi abin da ya ƙware a kai. Duk tambayar da aka yi masa sai ya ce "mun yi", alhali shi kaɗai ya yi. Su kuwa masu tambaya ba su san kawaici ba. Abin da suka ɗauka shi ne ya raɓu da aikin wasu. Bayan mako guda aka aiko masa da godiya da ban haƙuri.

Baffansa, wanda ya tsufa cikin dukanci, ya saurari labarin, ya ce, "Ɗana, in malami ya zo neman gafaka, me nake fara yi?"

Ya ce, "Tambaya, Baffa. Girman Alƙur'anin, da ko matafiyi ne."

"To, in ya ce don me na ninka fatar murfin, na ce don damina, yabon kaina na yi?"

Haƙiƙa nan maganar take. Abin da masu ganawa ke bida shi ne hujja: wa aka yi wa abin, mece ce matsalarsa, me aka gwada ya ƙi, don me aka zaɓi wannan aka bar wancan. Amma su ma da nasu laifin, domin sau da yawa zaƙin Turanci ke rufe musu ido, su ɗauki mai baki su bar mai hannu, alhali manhajar tasu za ta faɗa hannun miliyoyin mutane masu tunani da Hausa, waɗanda wasunsu ajami suka fi sani bisa boko.

A ganawa ta biyu, da wani kamfani dabam, an ce ya zayyana hanyar biyan kuɗi nan take suna kallo. Kafin ya ja layi ko ɗaya sai da ya tambayi wace irin waya masu amfani ke riƙewa, da ko suna karatu. Da aka ce don me ya girmama maɓallin haka, ya ce ya tsaya a Babbar Kasuwar Sakkwato da rana tsaka, ya ga dattijo yana kāre waya da hularsa don ya ga rubutu.