Zangon Bakin Tabki a Minesota, Inda Masu Gida Ke Biyan Kuɗi Su Kwana a Tanti

Jihar Minesota tana can ƙuryar arewacin Amurka, ta yi iyaka da Kanada, kuma babu abin da ta fi tinƙaho da shi kamar ruwa. A jikin lambar motocinsu an rubuta cewa ƙasa ce mai tabki dubu goma. Hukumar kula da albarkatun jihar kuwa ta ƙirga 11,842, ban da ƙananan da ba su kai eka goma ba. Hunturunsu yana da tsawo da tsanani, tabkunan kan daskare har mota ta hau ta yi tafiya a kai. Shi ya sa da zarar zafi ya shigo, daga Yuni zuwa Agusta, sai ka ga gari ya watse. Ranar Juma'a da yamma hanyoyin da suka nufi arewa kan cika maƙil da motoci, wannan ta ɗauko kwale-kwale a bisa kai, waccan tana jan tirela, wata an rataya mata kekuna a baya. Duk bakin ruwa suka nufa.

Wani ƙanena da ke aiki a birnin Miniyapolis shi ya ɗauke ni tare da iyalinsa zuwa gandun dajin Itaska, tafiyar kamar awa huɗu a mota. Shi ne gandu mafi tsufa a cikin waɗanda gwamnatin jihar ke riƙe da su. An kafa shi a 1891, kuma da ratar ƙuri'a ɗaya tak majalisar jihar ta amince, domin a lokacin 'yan katako sun riga sun zuba ido a kan itatuwan wurin. Faɗinsa ya haura eka 32,000, da tabkuna sama da ɗari a ciki. Daga babban tabkin ne kogin Misisifi yake fitowa, ya ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu, fiye da kilomita 3,700, kafin ya faɗa teku a ƙasan birnin New Orleans. A mafarinsa kuwa ruwan bai wuce gwiwa ba. Na ga yara suna tsallaka shi a kan duwatsu, iyayensu na ɗaukar hoto. Mu ma muka naɗe wando muka haye.

Wurin kwanan da suka tanada zango ne sosai, sai dai an tsara shi. Gandun yana da manyan zanguna biyu, Bear Paw da ke gab da ruwa, da Pine Ridge da ke ɗan nesa. An yanka fili-fili, kowanne da lambarsa a jikin turke. A kowane fili akwai teburin katako haɗe da benci, da murhun ƙarfe mai zagaye wanda a cikinsa kaɗai aka yarda a hura wuta, da wurin ajiye mota. Wasu filayen an ja musu lantarki, wasu babu. Famfo da makewayi da wurin wanka na kowa da kowa ne, a tsakiya. Ta intanet ake kama wuri, ana buɗewa kwana 120 kafin ranar, kuma filayen da ke kallon ruwa ba sa daɗewa. Fili ɗaya mutum shida aka yarda ya ɗauka. Da na ji haka na ce wa ƙanena, to gidan da muka taso a ciki sai dai mu kama layi guda. Ya ce, "Yaya, akwai filin da suka ware wa ayari, amma shi ma sai an riga an nema."

Mazauna zangon kashi biyu ne. Akwai masu tanti, yawanci matasa da masu ƙananan yara, waɗanda kan shimfiɗa 'yar katifar iska a ƙasa su shige buhun barci. Akwai kuma masu motar-gida. Wannan mota wata tana da injinta, girmanta ya kai na doguwar bas, wata kuma tirela ce da ake ja da a-kori-kura. Na shiga guda ɗaya na ga gado, da kicin mai murhun gas, da firji, da makewayi, da na'urar sanyaya ɗaki, har da wani ɓangaren bango da ke turowa waje idan an tsaya don falo ya ƙara faɗi. Mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, sai kamfanin Winnebago da ya tashi a jihar Ayowa, wanda sunansa ya kusa zama sunan irin motar gaba ɗaya. A bakin fita akwai rami na musamman da mai mota zai juye ƙazantar tankinsa, ya wanke wurin da kansa kafin na bayansa ya matso.

Mutanen nan suna da gidaje masu ruwa da wuta, amma su biya kuɗi su zo su kwana cikin sauro. Kuma sauron Minesota ba na wasa ba ne, sai dai ba ya ɗauke da zazzaɓin maleriya. Abin da suka fi tsoro shi ne kaska, wadda ke sa wata cuta mai kama gaɓoɓi, shi ya sa uwa kan duba jikin yaranta kowane dare. Na tambayi wani maƙwabcinmu, injiniya ne, me ya fito nema. Ya ce yana so 'ya'yansa su iya hura wuta, su iya ɗaura ƙugiyar fatsa, su yi kwanaki ba su riƙe waya ba. Maganarsa ta shige ni. Abin da yaron ƙauye a wurinmu ya iya tun bai kai shekara bakwai ba, shi ne wannan bawan Allah ya yi doguwar tafiya don ya koya wa nasa. Yaranmu na birni kuma sun fara rasa shi, ba tare da wani ya damu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke riƙon wurin. Gandun na gwamnati ne, amma ban ga wanda ya yi masa riƙon kayan gwamnati irin namu ba. Babu leda a ƙasa. Busasshen reshe ma da ya faɗo ba a yarda ka tsinta ka hura wuta da shi ba, sun ce idan ya ruɓe shi ne takin dajin. Itacen girki sai wanda hukuma ta tantance, saboda wani ƙwaro ɗan asalin Asiya da aka fara gani a jihar Mishigan a 2002, ya iso Minesota a 2009, ya kashe miliyoyin itatuwa, kuma a cikin itacen girki yake bin mutane daga gari zuwa gari. Mai kwale-kwale idan ya fito daga ruwa sai ya tsiyaye shi, ya cire duk ciyawar da ta maƙale, don kada ya kwashi ɓarnar wani tabki ya kai wani. Mai kare dole ya riƙe shi da igiya, ya kuma kwashe kashinsa da leda. Ƙarfe 10 na dare ake yin shiru har 8 na safe, ba rediyo, ba janareto. A watan Yuli ƙarfe goman nan duhu bai gama rufawa ba, amma sai ka ji zango ya yi tsit, sai kukan wani tsuntsun ruwa mai suna lun, wanda jihar ta ɗauka a matsayin tsuntsunta. Ban ga ɗan sanda ba. Ma'aikacin gandu kan zaga jefi-jefi a mota, ya ɗaga hannu ya wuce.

A kan hanyarmu ta zuwa mun tsaya gaban wata gona inda aka jera ƙwai da dammunan itace a kan tebur, ga farashi a rubuce, ga gwangwanin zuba kuɗi, ba mai tsaro. Ɗan ƙanena ya ce, "Baffa, ba wanda zai ɗauke?" Na rasa amsar da zan ba shi wadda ba za ta sa in ji kunyar gida ba. Amurka ƙasa ce mai laifuffuka da bindigogi, kowa ya san wannan, kuma a birnin da muka baro ana kulle mota sau biyu. Amma a zangon nan mutane kan bar kujeru da tukwane da kekuna a fili su tafi yawon ruwa wuni guda. Abin da ake ɓoyewa shi ne abinci, a kulle shi cikin mota, saboda baƙin beyar da wata 'yar dabba mai wayo da ake kira rakun, wadda ta iya buɗe murfin kula.

Wannan riƙo ba daga sama ya faɗo ba, an sha fama kafin a kai nan. A 1903 wata budurwa mai shekara 24, Mary Gibbs, ita ke riƙe da gandun bayan rasuwar mahaifinta. Wani kamfanin katako ya datse kogin don ya tara ruwan da zai kwashe masa gungume, ruwa ya fara cin saiwar tsofaffin itatuwan bakin tabki. Ta je ta ce a buɗe ƙofar dam ɗin, aka nuna mata bindiga, ba ta ja da baya ba, har aka buɗe. Ba ta daɗe a kujerar ba bayan haka, amma yau ginin da ke karɓar baƙi a mafarin kogin sunanta yake ɗauke da shi. Sannan a zamanin karayar tattalin arziki, Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa rundunar matasa marasa aikin yi a 1933, ana biyan kowanne dala 30 a wata, ya aika 25 gida. Kimanin mutum miliyan uku suka ratsa ta kafin a rufe a 1942. Su suka yi hanyoyi da gine-ginen gungume da yawa a Itaska, har duwatsun da muke takawa a mafarin kogin su suka jera. Ayyukansu suna nan ana mora. Ina ganin duk mai neman abin da zai yi da zaman banzan matasanmu ya kamata ya karanta tarihin wannan runduna.

Akwai inda tarihin bai yi mini daɗi ba. Littattafai sun ce Henry Schoolcraft ne ya gano mafarin Misisifi a 1832, alhali wani shugaban ƙabilar Ojibwe mai suna Ozawindib ne ya yi masa jagora har wurin. Duk wanda aka koya wa a firamare cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara ya san irin wannan labari. Ojibwe suna nan har gobe, an keɓe su a yankuna kamar White Earth da Leech Lake da Red Lake, duk a kewayen gandun, kuma har yanzu suna girbin shinkafar ruwa a kwale-kwale da sanda biyu a ƙarshen Agusta. Cikin masu hutu a zangon kuwa ban lura da su ba.

Batun tsofaffi shi ne ya raba mini hankali biyu. Yawancin masu manyan motocin nan 'yan fansho ne. Mai masaukin zangonmu ma wani dattijo ne da matarsa, aikin sa-kai suke yi, a ba su fili kyauta su kuma su riƙa taimakon baƙi. Dattijon ya haura saba'in amma shi ke tuƙa motarsa, shi ke hawa keke yana zaga zango da safe. Ya ce mini sun sayar da gidansu. Idan sanyi ya ƙarato sai su gangara Arizona ko Teksas, idan zafi ya dawo su hauro. Gwamnatin tarayya ma tana sayar wa duk ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin da ya kai shekara 62 katin shiga gandayenta na har abada, da rangwamen rabin kuɗin kwana a wurare da yawa. Na yaba da ƙarfin jikinsu, na yaba da yadda tsoho da tsohuwa ke tafe riƙe da hannun juna. Amma da na tambaye shi jikoki, sai ya ciro waya ya nuna mini hotuna, ya ce sukan haɗu a bikin godiya na watan Nuwamba. Sau ɗaya a shekara ke nan, ko sau biyu. Ban ga alamar yana ganin an yi masa rashin kyauta ba, ya ce ba ya so ya zama wa kowa nauyi. Ni dai ban yarda tsoho nauyi ba ne. Gidan da babu kaka a tsakar gida ya yi asarar da mota mai firji ba za ta biya ba, kuma a nan ko kusa ba na sha'awar mu yi koyi da su. Haka shigar bakin ruwa, maza da mata kusan tsirara, ta sa muka riƙa kai yara wanka da sassafe kafin a cika.

Abincin zango bai da yawa: gasasshen nama cikin burodi, dankali da aka naɗe a takardar gwangwani aka tura cikin garwashi, da kifin da suka fi so, walai, wanda ake soyawa da garin masara. Da dare yara kan soke wata farar alewa mai laushi a tsinke su gasa, su matse ta da cakulan tsakanin biskit biyu. Musulmi ya kula, domin yawancin alewar nan da sinadarin alade ake haɗa ta, haka ma tsiran naman da suke gasawa. Mu daga shagunan Somaliyawa na Miniyapolis muka sayo naman rago, matar ƙanena ta zo da yajinta da ƙuli-ƙuli, muka yi tsire. Ƙamshi ya jawo maƙwabta. Matar dattijon nan ta ci tana hawaye saboda yaji, ta kuma miƙo faranti a ƙara mata, washegari ta kawo mana wainar da ta gasa da 'ya'yan itacen daji.

Salla ma sai da shiri. Alƙibla a can arewa maso gabas take. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, isha ta kai sha ɗaya, asuba kuma tun wajen ƙarfe uku da wani abu. Mun yi jam'i a kan ciyawa gefen tanti. Wasu yara da ke wucewa da kekuna suka tsaya kallo, uwarsu ta yafito su a hankali, suka zagaya ta bayanmu. Ba wanda ya ce mana uffan.

Da nake kwance cikin tanti, ba ƙofa ba kwaɗo, ga mata ga yara a tsakiyar daji, tunanin dazukanmu ne ya hana ni barci. Rugu, Kamuku, Falgore, sunayen da a da ake ambata da farauta da kiwo, yau sai a labarin 'yan bindiga. Ba ruwa muka rasa ba. Muna da dam ɗin Tiga da na Challawa da Goronyo, muna da ruwan ɗumi na Wikki a Yankari. Kafin a yi maganar tebur da murhu da famfo a bakinsu, sai magidanci ya iya kwana a can da iyalinsa ya tashi lafiya, kuma wannan haƙƙi ne a wuyan masu mulki.

Wanda Allah ya kai shi Minesota a lokacin zafi, ina ba shi shawara ya ware ko da ƙarshen mako ɗaya ya je Itaska da yaransa. Ya kama wuri tun da sauran watanni, ya sayi namansa a birni, ya tafi da buta da maganin sauro, da kuma bargo mai kauri, domin ko a watan Yuli sanyin asuba a bakin tabkin yana ratsa ƙashi.