Kakar 1991 ta Prairie View da Abin da Ta Koya wa Manya

A kakar wasa ta 1991, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta jami'ar Prairie View A&M, wadda ke jihar Texas, ta buga wasa 11 kuma an doke ta a dukkansu. Maki 48 kaɗai ta ci a kakar, aka ci ta 617. A irin wannan wasan, kai ƙwallo ƙarshen fili sau ɗaya maki shida ne, ke nan idan aka raba, abin da ƙungiyar ke samu a kowane wasa bai kai na kai ƙwallo sau ɗaya ba. Ranar da ta kara da jami'ar Alabama State an tashi 92 da nema.

Jami'ar tana cikin waɗanda aka kafa domin baƙaƙen fata, tun 1876, kuma ta taɓa zama gagara-badau. A ƙarƙashin koci Billy Nicks ta ɗauki kambin jami'o'in baƙaƙen fata har sau biyar tsakanin 1953 da 1964. A nan Ken Houston da Otis Taylor suka yi wasa kafin su yi suna a gasar ƙwararru. Da manyan jami'o'in kudancin Amurka suka fara karɓar baƙaƙen fata, sai zaratan samarin da a da ba su da wurin zuwa sai irin su Prairie View suka koma inda kuɗi da kayan aiki suke. Wannan ci gaba ne ga ƙasar, amma ya raunana ƙananan makarantun.

Daga nan sai matsalar cikin gida. Zargin almundahana da kuɗin sashen wasanni ya sa aka dakatar da ƙungiyar a 1990. Da aka dawo da ita a 1991, an dawo da ita ne ba tare da tallafin karatu ga 'yan wasa ba, alhali dokar rukuninsu ta yarda abokan hamayya su ba da guraben tallafi masu yawa. Duk yaron da ke da ƙarfi da gudu, kuma iyayensa ba su da halin biyan kuɗin makaranta, ya san inda zai nufa.

A nan ne darasin farko yake, kuma wanda ya daɗe a duniya ya fi saurin ganinsa. Matashi mai kallo yana ɗora laifi kan wanda ƙwallo ta kuɓuce masa, ko kan kocin da ke tsaye a bakin fili. Dattijo kuwa yakan tambayi abin da aka yanke a ofis wata shida kafin a busa usur, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ronald Beard ya jagoranci ƙungiyar daga 1991 zuwa 1994, wasa 44 babu nasara ko ɗaya, kuma rashin adalci ne a auna shi da wannan adadi kaɗai ba a duba abin da aka damƙa masa ba.

Abu na biyu ya shafi yaran da kansu. Wasa ne na karo da jiki. Ɗalibi ya fito daga aji ya ɗaura kwalkwali da sulken kafaɗa cikin zafin Texas, ya sha horo mako guda, ranar Asabar ya hau bas zuwa wani gari inda ƙato wanda ya fi shi nauyi da nisa zai yi ta kayar da shi, ga 'yan jarida suna yi masa dariya, kuma shi ke neman kuɗin karatunsa. Akwai waɗanda suka shiga jami'ar suka gama ba su ga nasara ko sau ɗaya ba. Irin wannan juriya ba ta fitowa a allon maki, amma ita ta hana ƙungiyar mutuwa, kuma ta cancanci a girmama ta.

Jerin shan kayen, wanda ya faro tun 1989, ya kai wasa 80. Ya ƙare ranar 26 ga Satumba, 1998, a birnin Oklahoma, lokacin da Prairie View ta doke jami'ar Langston da ci 14 da 12, bayan ta tare yunƙurin Langston na neman maki biyun da za su kawo kunnen doki dab da tashi. A lokacin an riga an maido da ɗan tallafin karatu.

Farfaɗowa ta gaskiya ta ɗauki wasu shekaru tara. Sai a 2007, a hannun koci Henry Frazier, ƙungiyar ta yi kakar da nasarorinta suka fi shan kayenta yawa, karo na farko tun 1976. A 2009 ta lashe kofin SWAC, gasar da take fafatawa a ciki, wanda rabonta da shi tun 1964.