Kada Ka Yi Saurin Wanke Filas Ɗinka



Mu da muke zaune nesa da gida, rabin rayuwarmu a cikin filas take: takardar shaidar asali, rasidin haya, lissafin kaya, hotunan iyali. Ba kowa ke da kwamfuta ba, don haka yau ka cusa shi a wannan shago a Sabon Ibadan, gobe a wancan a Agege. A nan ake kwaso ƙwayar cutar da ke ɓoye jakunkunan bayanai, ta bar maka gumaka marasa amfani. Mai shago kuma ya ce a wanke filas ɗin kawai. Na ga ɗan uwa da ya rasa lissafin bashin da yake bin mutane ta haka, alhali bayanan suna nan, ɓoye su kawai aka yi.

Shi ya sa nake yawo da Total Commander a filas ɗina. Wani ɗan ƙasar Suwizalan, Christian Ghisler, ya fitar da ita a 1993 da sunan Windows Commander, aka sauya sunan a 2002. 'Yar ƙarama ce, kuma ana iya kunna ta daga filas ba tare da an girka ta a kwamfutar mutane ba.

Fuskarta kashi biyu ce, filas a hagu, kwamfuta a dama. F5 kwafa, F6 matsarwa, F7 sabuwar jaka, F8 gogewa. Abin da ya fi min amfani shi ne, idan ka umarce ta da nuna ɓoyayyun bayanai, sai ga jakunkunanka sun bayyana. Ka cire musu alamar ɓoyewa, ka kwashe su zuwa amintaccen wuri, sannan a wanke filas ɗin.

A kula, ba ta kashe ƙwayar cuta, wannan aikin riga-kafi ne. Kuma ta sayarwa ce, kwana 30 ake ba ka na gwaji. Wanda bai da hali ya nemi Double Commander, kyauta ce, aikinsu kusan ɗaya.

Baƙo ba ya rabuwa da guzurinsa. Takardar da ta ɓace a nan, sai ka yi doguwar tafiya zuwa ƙaramar hukumarku kafin ka sake samun ta. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, amin.