Cok da Sanyin Safiya



Duk shekara idan hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Janairu, nakan lura da yadda matasa ke fama da babura da sassafe: a buga kik har ƙafa ta gaji, a ƙarshe a koma turi. Da yawa suna zargin fulogi ko mai sayar da fetur, alhali maganin yana nan a jikin babur ɗin, wato ɗan ƙarfen da ake kira cok.

Ya ɗan'uwa, ka sani cewa fetur ba ya cin wuta a inji sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Aikin kafireta ke nan: ta haɗa iska kimanin kashi 15 da fetur kashi 1, a ma'aunin nauyi. To, idan inji ya kwana cikin sanyi, fetur ba ya saurin zama tururi. Yakan manne a jikin ƙarfe mai sanyi kamar raɓa, sai abin da ya isa ga fulogi ya zama iska ce ta yi rinjaye, tartsatsin ya tashi a banza.

A nan cok yake shigowa. Ma'anar kalmar a Turanci ita ce shaƙewa, kuma hakan yake yi. Idan ka ja shi, wani faifai yana rufe bakin kafireta, iska ta ragu, zuƙar fistin ta janyo fetur mai yawa, har a sami tururin da zai isa wuta ta kama. A wasu baburan kuwa wata 'yar hanya ce ta daban take buɗewa ta ƙaro mai; irin waɗannan idan ka murɗa totur kana buga kik, ka rage wa cok ɗin ƙarfi.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ja su manta. Da zarar inji ya ɗumama, cikin minti ɗaya ko biyu, wajibi ne a mayar da cok. In ba haka ba, fulogi zai yi baƙi da kunkunniya, salansa ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi, rarar fetur ta wanke baƙin man da ke kare jikin silinda. Ga asarar kuɗi, musamman tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023.

Idan mai ya yi wa inji yawa ya ƙi tashi, mayar da cok, buɗe totur gaba ɗaya, sannan ka buga. Idan kuma babur ɗinka ba ya zama sai da cok ko da rana tsaka, alama ce ta toshewar kafireta ko iska na shiga ta wani wuri. Kai shi wurin bakanike tun wuri.

Allah Ya tsare mu a kan hanya, amin. Wassalam.