Harafi ɗaya tsakanin zuciya da ƙwaƙwalwa

Da Yaren Suwidin, zuciya ita ce hjärta. Mutanen Danmak da Nowe suna rubuta hjerte, na Aisland hjarta, duk daga tsohon harshe ɗaya na kakanninsu. Finlan ce ta fita zakka da sydän, domin harshenta ba danginsu ba ne. A Suwidin ba a furta harafin h ɗin, abin da kunne ke ji kamar "yarta" ne. Na haddace wannan tun farkon zuwana karatu ƙasar, har nakan yi wa baƙi bayaninsa. Abin da ban tsaya a kansa ba shi ne maƙwabciyarta, hjärna, wato ƙwaƙwalwa.

Wani dattijo ɗan Damagaram da ke zaune a unguwarmu ya yanke jiki ya faɗi, aka kwantar da shi. A can duk majinyacin da ba ya jin yaren yana da damar a kira masa tafinta kyauta. Ma'aikaciyar jinya ta yi wa matarsa tayin haka, ni kuwa na ce ba sai an kira ba, ai ga ni. Aka miƙo takardar sallama, idona ya sauka kan doguwar kalma mai farawa da hjär, mai ƙarewa da infarkt. Ban karanta tsakiyarta ba. Na ce, "Hajiya, bugun zuciya ne." Ta ce, "To ɗana, me zan riƙa lura da shi?" Na lissafa mata ciwon ƙirji, da zufa, da sarƙewar numfashi. A daren ta buga waya gida ta shaida wa dangi.

Bayan kwanaki na raka su wajen mai koyar da magana. Ina zaune ina kallon Alhaji yana fama da sunan cokali, bakinsa ya ɗan karkace hagu, sai na tambayi kaina me ya haɗa mai ciwon zuciya da koyon furuci. Na karɓi takardar daga jakar Hajiya, na ɗora yatsa ina bin haruffa ɗaya bayan ɗaya. Hjärninfarkt. N ce, ba t ba. Jini ne ya toshe a jijiyar ƙwaƙwalwa, abin da muke kira shanyewar ɓarin jiki. Jikina ya yi sanyi. Duk kwanakin nan baiwar Allah tana gadin ƙirjin mijinta, alhali fuskarsa da hannunsa da harshensa ya kamata ta sa wa ido. Su ne alamomin da Suwidawa suka dunƙule a kalmar AKUT, harafin ƙarshe kuma lokaci ne: a kira lambar gaggawa 112 nan take. Da ciwon ya dawo cikin dare, da ta zauna jiran alamar da ba za ta zo ba.

Ba rashin sanin kalmar ya kayar da ni ba, na san ta. Na so a ce ɗanmu ya iya yaren, shi ya sa na kori tafinta, na kuma karanta abin da nake zaton gani. Ko da kunne ma akwai bambanci, wasalin hjärna dogo ne, na hjärta gajere, kuma Bahaushen da ke raba fari da fāri ba shi da uzurin rasa wannan.

A wajen na gaya wa Hajiya gaskiya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya kiyaye gaba. Kira musu tafintan." Na je na kira, aka sake yi mata bayanin daga farko.